Koren shayi da kakin Baba: shin da gaske yana rage majinar ƙirji?

Maman Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana lafiya na gidan nan ku taimaka min da shawara. Mahaifinmu shekararsa 68, tsohon direban babbar mota ne, ya sha taba wajen shekara 30 kafin Allah ya yaye masa. Kullum da asuba sai ya yi ta tari yana fitar da kaki mai kauri, wani lokacin har jam'i ya wuce shi yana bakin rariya. Tun da hunturun nan ya shigo abin ya ƙaru. Jiya wata maƙwabciyata ta turo min bidiyo a WhatsApp, wai masana sun gano wani sinadari a koren shayi da ke hana huhu yin majina, kuma akwai kafso ɗinsa ana sayarwa. Kuɗin kwalbar ba kaɗan ba ne, amma in zai yi masa amfani wallahi zan saya. Gaskiya ne ko talla ce?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya. Mu nan Zinder shayin da muke dafawa a fada, wato majalisar hirarmu, ai shi ne koren shayin, wanda ku can kuke ce ma shayin Buzaye. Daga Chaina ake kawo ganyen. Ranar da ƙura ta rufe gari, da na sha kofin farko mai ɗacin nan sai in ji ƙirjina ya washe, kaki ya fito da sauƙi. Wannan ba labari ba ne, a jikina na gani. Ki bar kafso, ki sayi ganye ki dafa masa.

Umman Sadiq:
Ni ina sayar da irin kafso ɗin nan, kuma ina sha. Ba zan sayar wa mutane abin da ban yarda da shi ba. Kofi nawa tsoho zai iya sha a rana? Kafso ɗaya ya tattara ƙarfin kofuna da yawa. Binciken ma ai yana nan a intanet, kowa zai iya dubawa.

Ɗalibar Kimiyya:
Salam. Aunty Maman Khairat, bari in ɗan yi bayani don wannan fannin nake karantawa a digiri na biyu. Bidiyon bai ƙirƙiro maganar daga iska ba, tana da tushe. Amma sai an san yadda majina take kafin a gane inda gizo ke saƙar.

Majinar mai lafiya kusan duk ruwa ce, fiye da kashi 95 cikin 100. Abin da ke ba ta yauƙi wasu dogayen zaruruwa ne da ake kira miyusin. Ki ɗauki garin busasshiyar kuɓewa: ɗan cokali ne a hannu, amma da ya taɓa ruwa sai tukunya ta cika da yauƙi. Haka miyusin yake. Ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bangon hanyar iska suna ajiye shi a dunƙule, da sun sake shi sai ya sha ruwa ya kumbura ninki ɗaruruwa cikin ƙiftawar ido.

Manyan miyusin na huhu iri biyu ne. Akwai MUC5B, shi ne na aikin yau da kullum. Akwai MUC5AC, wanda a huhun mai lafiya kaɗan ne, amma yana hauhawa in hayaƙin taba, ko ƙwayar cutar mura, ko asma ta takali bangon. A jikin ƙwayoyin halittar akwai wani abu kamar makunnin wuta da ake kira EGFR. Hayaƙi ya taɓa shi, sai saƙo ya tafi cikin ƙwayar cewa a ƙara MUC5AC. In abin ya daɗe, ƙwayoyin da ke yin majinar su kansu sai su yawaita. Shi ya sa tsohon mashayin taba ke ci gaba da kaki ko bayan ya daina.

To sinadarin da ake magana sunansa EGCG, shi ne mafi yawa a cikin dangin katekin da ke ganyen shayi. Koren shayi da baƙin shayi duk bishiya ɗaya ce, bambancin shi ne koren ana turara shi ko a gasa shi da zarar an tsinko, sai katekin ɗin ya tsaya yadda yake, baƙin kuwa ana barinsa ya sha iska har yawancin katekin ya rikiɗe ya zama wasu sinadaran. A 2008 masu bincike a Koriya ta Kudu sun raini ƙwayoyin halittar hancin mutum a farantin ɗakin gwaji, suka takale su da sinadarin kumburi, suka ga in an sa EGCG, MUC5AC ya ragu. A 2017 wasu a Hongkong suka shaƙa wa ɓeraye hayaƙin taba na kwana 56, rabinsu ana ɗura musu EGCG. Waɗanda aka ɗura wa, kumburin hanyar iskarsu da yawan majinarsu sun ragu, kuma makunnin EGFR ɗin nan ya lafa. Wannan duk gaskiya ne.

Umman Sadiq:
Alhamdulillah. Kun ji dai daga bakin mai karatun abin.

Ɗalibar Kimiyya:
Umma ki ɗan dakata, ban gama ba, wuta aka ɗauke min. Sauran rabin ya fi muhimmanci.

A faranti, kai tsaye ake zuba sinadarin a kan ƙwayoyin, su yi ta jiƙa a ciki na sa'o'i. Yawan da ake zubawa yakan kai maikuromola 10 zuwa 100 (ma'aunin ƙarfin sinadari a cikin ruwa ke nan). Mutum kuwa in ya sha shayi, EGCG sai ya bi ta ciki da hanji, kaɗan ne ke tsallakawa cikin jini, hanta ta sarrafa wani, ƙwayoyin hanji su cinye wani. Abin da ake samu a jinin wanda ya sha shayi yawanci bai kai maikuromola 1 ba, kuma cikin 'yan sa'o'i ya ragu. Wato abin da ƙwayar faranti ta gani ya ninka na jinin mai shan shayi sau goma, sau ɗari. Daga jinin ma sai ya sake isa bangon hanyar iska.

Akwai wata matsalar da mu masu aikin ɗakin gwaji muka sani. EGCG ba ya zama lafiya a ruwan da ake rainon ƙwayoyi. Yana haɗuwa da iska ya haifar da haidurojin farokzaid, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Saboda haka wani lokacin abin da ka gani ya faru ga ƙwayar ba aikin EGCG ba ne, aikin abin da ya rikiɗe ya zama ne. Sannan da yawa daga irin wannan gwajin ana yin su ne da wasu ƙwayoyi masu suna NCI-H292, waɗanda asalinsu daga kansar huhun wata mata aka samo su. Suna da sauƙin raino, amma ba su ne bangon huhun Baba ba.

Kawu Isiyaku:
'Yata na bi ki har wajen ɓera. Nawa aka ba ɓeran? A lissafa mana da kofi, mu da ba mu yi boko mai zurfi ba mu gane.

Ɗalibar Kimiyya:
Kawu, miligiram 50 ga kowane kilo na nauyin ɓera, yau a ba shi gobe a tsallake.

Kawu Isiyaku:
To in mutum kilo 60 ne, 50 sau 60 ai 3,000 ke nan. Wa zai sha wannan?

Famasis Kaduna:
Kawu ranka ya daɗe, lissafin ninkawar daidai ne, amma ba haka ake juya awon dabba zuwa na mutum ba. Ƙaramar dabba jikinta ya fi saurin ƙone magani, don haka na ɓera akan raba shi da kusan 6. Sai ya zama wajen miligiram 8 ga kilo, mai kilo 60 ya tashi da kusan 480. Kofin koren shayi yakan ɗauki daga 'yan gomomi zuwa kusan 100, ya danganta da ganyen da yadda aka jiƙa. Ka ga ba abin da ya gagari mutum ba ne, kuma a nan dole in yi wa Umman Sadiq adalci: awon bai yi nisa da abin da ke cikin kafso ba.

Matsalata da kafso a wani wurin take, wato hanta. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta duba binciken da aka yi, ta ce shan koren shayi yadda aka saba ba shi da matsala ga yawancin mutane, masu shansa sukan samu miligiram 90 zuwa 300 na EGCG a rana. Amma a kafso, daga miligiram 800 a rana zuwa sama, an ga alamun rauni a gwajin hanta. Daga baya Tarayyar ta kafa doka cewa abin da za a sha a rana kada ya kai 800, kuma a rubuta gargaɗi a jikin kwalba cewa kada a sha da yunwa. Tun 2003 ma Faransa da Sifen sun janye wani maganin rage ƙiba da aka yi da tataccen koren shayi saboda mutanen da hantarsu ta lalace. Yanzu ki duba kwalbar da ke hannunki Umma, an rubuta miligiram nawa na EGCG ne a kowane kafso? Yawancin waɗanda ake kawo min in duba ba a rubuta ba. Kuma mu nan da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, mutane da dama na ɗauke da shi ba su sani ba.

Umman Sadiq:
Na duba. An rubuta 500 amma ba a ce na mene ne ba. Ana shan biyu a rana. Ni dai wata shida ina sha ban ga komai ba sai alheri. Abin da ke ɓata min rai, duk abin da ya fito daga ganye sai 'yan asibiti ku kushe shi. Da kamfanin magani ne ya sa shi a kwali da tuni kuna rubuta wa mutane.

Famasis Kaduna:
Umma wallahi ba kushe ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da nake miƙa wa mutane kullum daga ganye aka ciro shi, wani ɗan uwan tazargade, kuma matar da ta jagoranci aikin a Chaina, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Koren shayin ma kansa an yi magani da shi. A 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani man shafawa mai suna Veregen da aka haɗa da katekin ɗinsa, don wasu ƙuraje na al'aura. Ki lura, na shafawa ne, ana ɗora sinadarin a kan ciwon kai tsaye kamar yadda ake yi a faranti. An gwada a jikin mutane, ya yi aiki, aka karɓa. Na kakin ƙirji ne bai tsallake wannan matakin ba. Ranar da ya tsallake ni zan fara ajiye shi a kanta.

Kuma tunda kin yi wata shida kina sha, don Allah ki je a yi miki gwajin hanta. Ba tsada. Rauninta ba ya fara da ciwo, sai ya yi nisa ido ke yin ɗorawa.

Likitan Ƙirji:
Assalamu alaikum. Na karanta daga sama. Ƙanwata Ɗalibar Kimiyya ta yi bayani mai kyau, Famasis ma haka. Ni abin da ya dame ni shi ne duk mun tafi kan shayi mun bar Baba.

Da farko, a cire tunanin cewa majina abokiyar gaba ce da za a kashe. Bangon hanyar iska yana da wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, suna kaɗawa sau goma sha wani abu a kowace daƙiƙa, suna tura shimfiɗar majina sama zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ba mu sani ba. Duk ƙurar da hunturu ya kwaso daga Bodele ta ƙasar Chadi ya zuba mana a hanci, wannan shimfiɗar ce ke kama ta ta fitar. A 2014 an buga wani bincike da aka cire wa ɓeraye MUC5B gaba ɗaya. Ba su samu sauƙin numfashi ba. Datti da ƙwayoyin cuta suka taru musu, da yawansu suka mutu. Saboda haka duk wanda ya ce miki maganinsa yana hana huhu yin majina, ko bai fahimci abin ba, ko kuma in gaskiya ne abin tsoro ne. Abin da masu binciken ke nema shi ne rage rarar MUC5AC a bar ɗayan yana aikinsa.

Na biyu, abu uku ne mutane ke haɗawa wuri ɗaya: yawan majinar da jiki ke ƙerawa, sakinta, da fitar da ita. Binciken EGCG kan na farko yake. Abin da ke wahalar da Baba da asuba galibi na ukun ne. Taba ta lalata gasun da ke shara, cikin dare kaki ya taru ya yi kauri, iskar hunturu ta ƙara busar da shi, da safe ba mai fitar da shi sai tari.

Hajiya Maman Khairat ki amsa min waɗannan. Tarin ya kai wata nawa? Akwai jini ko da ɗigo ne? Yana ramewa? Gumin dare fa, ko zazzaɓin yamma? In ya taka zuwa masallaci yana tsayawa ya huta? Ƙafafunsa na kumbura? Wane magani yake sha yanzu?

Maman Khairat:
Dakta na gode, Allah ya saka. Tarin ya fi shekara uku, amma na bana ya fi. Jini ban gani ba, na tambayi Inna ta ce ita ma ba ta gani ba. Ya ɗan faɗa gaskiya, rigunansa sun yi masa yawa. Masallaci ƙofar gida ne amma yana haki. Yana shan maganin hawan jini, sai wasu ƙananan farare da mai kemis ke ba shi in numfashin ya matse.

Likitan Ƙirji:
To Hajiya, kuɗin kafson nan ki yi kuɗin mota da shi. Duk tarin da ya wuce mako biyu a ƙasar nan sai an gwada kaki don tarin fuka, balle ga rama. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke wannan aikin. A kuma ɗauki hoton ƙirji, domin mai shekara 68 da ya sha taba shekara 30 yana ramewa, akwai abin da dole a tabbatar ba shi ba ne. In waɗannan sun fita lafiya, abin da na fi zato shi ne cutar toshewar hanyar iska ta masu shan taba, wadda ake tabbatarwa da gwajin hura iska a na'ura. Tana da magungunan shaƙa da ke buɗe hanya, akwai kuma masu tsinka kaki irin su kabosistin da aka gwada a jikin mutane masu wannan cutar.

Fararen ƙwayoyin nan ki ɗauki hoton fakitin ki tafi da shi. In amainofilin ne ko tiyofilin, haɗa su da shayi mai ƙarfi na iya kawo bugun zuciya da rawar hannu da rashin barci, don dangi ɗaya suke da kafeyin, sinadarin shayi mai hana barci. In kuma firednisolon ne yake sha ba ƙa'ida, wannan wata matsalar ce daban.

Famasis Kaduna:
Na hawan jinin ma a duba sunansa. A 2014 an yi gwaji a Japan, mutanen da suka yi mako biyu suna shan koren shayi sannan aka ba su nadolol, abin da ya shiga jininsu ya ragu da kusan kashi 85 cikin 100. Ba kowane maganin hawan jini ke haka ba, amma ya isa a tambaya. Wasu kuma irin lisinofiril su kansu suna sa busasshen tari. Sannan shayi kowane iri yana rage shigar sinadarin ƙarfe na abinci, mai ƙarancin jini ya raba shi da lokacin cin abinci.

Ɗan Damagaram:
Lokotoro ban ƙi taka ba, a kai Baba likita. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min. Ni da na ce ƙirjina na washewa, ƙarya jikina ke yi min? Kakannimmu da Buzayen da ke ratsa hamadar Tenere cikin ƙura da wannan shayin suka rayu.

Likitan Ƙirji:
Malam jikinka bai yi ƙarya ba ko kaɗan. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai mai aikin ba EGCG ba ne. Tun 1978 wasu likitoci a Amurka suka auna gudun majina a hancin mutane, suka ga kurɓar ruwan zafi na ƙara mata sauri na ɗan lokaci, ruwan sanyi kuwa na rage shi. A 2008 a Kadif ta Birtaniya an ba masu mura abin sha mai zafi, suka ce tari da kaushin maƙogwaro sun yi sauƙi nan take, alhali da aka auna iskar da ke wucewa ta hanci ba ta canja ba. Ga zafi, ga tururi, ga zaƙi da ɗaci da ke tsinko yawu. Ga kuma kafeyin, wanda ke ɗan buɗe hanyar iska na 'yan sa'o'i, kuma kofin farkon nan naku cike yake da shi. Duk wannan cikin mintuna yake faruwa. Rage ƙera MUC5AC kuwa, ko a faranti sai an yi sa'o'i, a ɓera makonni. Sauƙin da ya zo kafin ka ajiye kofi ba ta wannan hanyar ya biyo ba.

Ina da tambaya gare ka. Awa nawa kake yi a gaban murhun gawayi kana fifita kafin a sha na uku? Kuma mutum nawa ke kunna taba a fadar?

Ɗan Damagaram:
Awa biyu, wani lokacin uku. Taba kam akwai masu sha, ba zan ɓoye ba. Na gane inda ka dosa.

Ɗalibar Kimiyya:
Ƙari a kan haka Yaya, doguwar tafasar da ake yi wa shayin fada tana canja wani ɓangare na EGCG ɗin, zafi mai yawa na juya siffarsa. Ga sukari kuma. Ba ina cewa a daina ba ne, zaman fada zumunci ne.

Amma Dakta ni ban yarda a rufe babin ba. Matsalar EGCG ta isa wurin ce, ba ta rashin aiki ba. In hanji da hanta ne ke tare shi, me zai hana a kai shi huhu kai tsaye ta hanyar shaƙa? Akwai masu aikin naɗe shi cikin ƙananan ƙwayoyi don kada ya lalace. Magungunan da muke da su yanzu yawanci tsinka kaki suke yi ko buɗe hanya, kaɗan ne ke taɓa ƙera shi daga tushe. Wanda ya rage MUC5AC ya bar MUC5B zai taimaki masu asma sosai, don toshewar majina na cikin abin da ke kashe su in ta tashi da ƙarfi.

Likitan Ƙirji:
Ƙanwata ban rufe ba, kuma ina fata ke za ki yi wannan aikin. Inda muka bambanta shi ne kin ce matsalar isa wurin ce kawai. Ni ina ganin ba mu kai ga faɗin haka ba. EGFR ɗin nan da kike son a kashe, shi ne kuma ke sa bangon hanyar iska ya warke in ya ji rauni. An taɓa gwada wani maganin shaƙa mai toshe shi a kan masu cutar toshewar hanyar iska, bai rage majinar yadda aka sa rai ba, kuma marasa lafiyar ba su jure shi da kyau ba. Shi kuwa an ƙera shi ne musamman don wannan makunnin. EGCG yana manne wa furotin iri-iri barkatai, shi ya sa ko a baki kike jin yana ɗaure harshe. Abin da ke taɓa komai a faranti, da wuya a san abin da zai taɓa a huhun tsoho.

Ɗalibar Kimiyya:
Na karɓi wannan Dakta, zan nemo binciken in karanta. Amma manne wa abu da yawa wani lokacin shi ne amfanin, tunda kumburin ma ba ta hanya ɗaya yake zuwa ba. Mu bar shi a buɗe.

Inna Ta Gidan Liman:
'Ya'yana tunda kun ce shaƙa ta fi, to a tafasa ganyen a lulluɓa da bargo a yi sirace mana. Haka muke yi da ganyen darbejiya.

Famasis Kaduna:
Inna Allah ya ƙara girma, sinadarin ba ya tashi da tururi. Ƙamshi ne da ruwa ke tashi, shi yana nan a tukunya. Siracen ruwan zafi zalla da na shayi duk ɗaya ne, kuma a yi hattara da yara, muna ganin ƙuna sosai a lokacin sanyi. Don Allah kuma kada wani ya karanta maganar ɗalibarmu ya zuba shayi a na'urar shaƙa ta masu asma. Ruwan da ba a tace shi daga ƙwayoyin cuta ba, ga ɓarɓashin ganye, kai tsaye cikin huhu, zai iya shaƙe mutum nan take.

Kawu Isiyaku:
To yanzu a ba tsohon shayin ko a hana shi? Ku faɗa mana a sarari.

Likitan Ƙirji:
Kawu a ba shi in yana so, kofi biyu ko uku a rana, da zarar an duba magungunansa an ga ba saɓani. Mai ɗumi, ba mai ƙona baki ba, domin hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta yi gargaɗi a 2016 kan abin sha da ya wuce digiri 65 saboda maƙoshi. Kada a ba shi da dare. Ya sha da asuba kafin ya fara tarin, ya zauna ya ja numfashi a hankali sau uku ko huɗu, sannan ya huro iska da baki buɗe kamar mai hura madubi zai goge. Wannan na ɗago kaki ba tare da tarin da ke gajiyar da shi ba. Kafso kuwa a'a.

Umman Sadiq:
Ban ce na gamsu da komai ba. Amma na tura wa wanda ke kawo min kayan saƙo ya faɗa min adadin EGCG ɗin, kwana biyu bai amsa ba. Na dakatar da sayarwa har sai ya amsa. Gwajin hantar ma zan je ranar Litinin in sha Allahu.

Maman Khairat:
Salam 'yan uwa, na dawo da bayani. Mun kai Baba. Gwajin kaki ya fito babu tarin fuka, alhamdulillah. Hoton ƙirji likitan ya ce bai ga ƙari ba amma huhun ya nuna alamar taba, ya ba mu ranar gwajin hura iska, ya rubuta abin shaƙa. Fararen ƙwayoyin ashe amainofilin ne, ya ce a daina. Na hawan jinin amlodifin ne, ya ce ba matsala da shayi daidai misali.

Sai dai akwai abin da ban faɗa muku ba don ban ɗauke shi komai ba, likitan ne ya tono shi da tambaya. Tun da sanyi ya fara, Baba da kaskon rushi yake kwana a ɗaki, ƙofa da taga a rufe, a kai yake ɗora butar shayinsa da asuba. Ƙanena ya fitar da kaskon jiya, Baba ya yi faɗa sosai, ya ce sanyi zai kashe shi kafin tari.

Likitan Ƙirji:
Hajiya kada kaskon nan ya koma. Ban da hayaƙin da ke takalar majinar dare duka, gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monokzaid wadda ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi. Ki tambayi Inna ko suna tashi da ciwon kai. A ƙara masa bargo, da safa da hular sanyi, a toshe inda iska ke shigowa ta ƙasan ƙofa.

Maman Khairat:
Ta ce kusan kullum, ita da shi. Inna lillahi. Mun ɗauka sanyi ne.

Ɗan Damagaram:
Hajiya tsofaffi ba wutar kaɗai suke so ba, su tashi su ga butarsu kusa ne. Ga yadda muka yi da namu tsohon. A dafa shayin a tsakar gida tun da dare, mara ƙarfi, a sa citta da na'a-na'a, a juye a fulas a ajiye masa a gefen katifa da ɗan kofinsa. A cika jarka da ruwan zafi, a ɗaure bakin sosai, a naɗe da tsumma a tura cikin bargo wajen ƙafafu kafin ya kwanta. Kwana uku na farko zai yi mita. In ƙanen naki zai iya, ya riƙa shigowa da asuba ya zuba masa da hannunsa, su sha tare kafin su fita masallaci.